Gefen Hagu na Dala

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Mun fara lup a cibiyar koyon kwamfuta ta nan Kankia. Malam Abdulrauf ya ce umarni ne da ke sa na'ura ta maimaita abu. Aikin farko: tauraro ɗaya a layin sama, biyu a na ƙasa, haka har alwatika ta fito a allo. Tawa ta fito! Don wannan na baro ƙauyenmu Ƙofa, ba kuma zan koma hannu rabbana ba.

Alhamis, 9 ga Mayu
Yau dala za mu fitar, irin ta gyaɗa. Sai an bar sarari kafin taurari a kowane layi. Tawa ta fito gefen hagu a cinye, kamar ɓera ya gutsura. Na goge, na sake, na goge. Haushi kamar in fasa allon.

Talata, 14 ga Mayu
Malam ya tsaya a bayana ya ce, "Zuliha, mi kike ta gyarawa? Dalar ga daidai take." Amatullah da ke zama kusa da ni ta leƙo, ita ma ta ce a cike take. Na rufe idon dama da tafin hannu. Kusan rabin allon ya ɓace.
Ashe ba lup ba ne. Tsoro nake ji, wallahi.

Asabar, 18 ga Mayu
Na je Ƙofa. Baba na zaure inda yake wuni tun da ya makance ina firamare. Da takuna ya gane ni. Na tambaye shi yadda nasa ya fara. Ya ce, "Daga gefe, ɗiyata. In ina noma sai in rasa kunyar da ke haguna." Sannan ya ce, "Mi ya sa kika tambaya?" Na ce ba komai. 

Juma'a, 24 ga Mayu
Ban je aji ba. Me zan je in gani?

Laraba, 29 ga Mayu
Gwaggo Tani, wadda nake zaune gidanta, ta kai ni asibitin ido a Katsina. Hawan jinin ido ne, duka biyun. Likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Maganin ɗigawa kullum, wai ko a riƙe sauran. Gwaggo ta yi ta kuka a mota har na yi mata tsawa. Ni ce mai idon, ita ce mai hawayen.

Lahadi, 2 ga Yuni
Kowa ya zama likita. Gwaggo ta ce hasken kwamfuta zai ƙarasa ni, in tattara in koma gida. Likita bai faɗi haka ba. In koma in yi me? In shimfiɗa tabarma kusa da Baba?

Talata, 11 ga Yuni
Na koma aji. Aikin yau dala biyu gindi da gindi. Da Malam ya fita salla, na ja mayafina na rufe fuska, na lalubi madannai da yatsu, na rubuta lup ɗin duka da ka. Na ce wa Amatullah ta duba. Ta duba, ta ce kuskure ɗaya ne, ta kama yatsana ta ɗora inda harafin yake.
Ba wai na yarda zan makance ba ne. Gobe ma dai zan rufe fuskar.