Kwanar da Baba Ya Sha

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan sai godiya. Auta ta koma makaranta, Kawu kuma ƙafar tasa ta yi sauƙi har ya fara fita shago. Ka ce in gaya maka gaskiyar jikin Baba ba tare da ɓoye-ɓoye ba, don ka san ko za ka bar jarrabawarka ta ƙarshe ka taho. Shi ya sa na zauna na rubuta, don a waya kuka yake cin ƙarfina.

Sati uku ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, aka kwantar da shi a asibiti. Kwana goman farko ba mu san inda muke ba. Ranar Talata da safe likitar ta zo zagaye, ta daɗe tana duba takardunsa, sannan ta juya ta yi wa nas magana da Turanci. Mama ta tsare ni da ido tana jiran fassara. Ni kuma da ɗan Turancina na makaranta sai na kwaso maganar yadda take, na ce mata wai Baba ya sha kwana. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, Yaya. Mama ta ɗauka ana nufin ciwon ya juya ya kama wata hanya, ko kuma mutumin ya ba mu baya ke nan. Ta gyara masa bargo, ta fita baranda ta haɗa kai da bango. Nas ɗin ce ta same mu a can mu biyu muna hawaye. Da ta ji dalili sai ta riƙe hannun Mama, ta bayyana mata cewa haka Turawa kan faɗa idan mai jinya ya wuce wurin da ya fi haɗari, sauƙi ya fara shigowa. Mama ta share fuska, ta ce da ni kuɗin makarantar da aka biya mini Allah Ya ji ƙansu.

Da muka koma ciki muka ba Baba labari. Ka san bakinsa ya yi nauyi, sai mun kasa kunne sosai. Ya ce a gaya wa likita shi shekara talatin da huɗu ya yi yana jan babbar mota, ya san kwana fiye da ita. Wai a kwana ake rage giya, ba a nan ake murna ba, kuma direban kirki ba ya yabon hanya sai ya ga abin da ke bayan lanƙwasa. Ya tambayi ina kwana mafi kusa. Muka ce barandar ɗakinsu ta miƙe ne zuwa wata taga, daga nan ta karya hagu. Ya ce to, wannan zai sha da ƙafarsa, gani ya kori ji.

Mai gashin ƙashi da ke koya masa tafiya ta ji daɗi, don a da ko ƙarfen dogarawa ba ya yarda a kawo masa. Ranar farko taku uku ya yi, gumi ya jiƙa rigarsa. Rana ta huɗu ya kai wurin wani benci da ke barandar, washegari ko tashi ya kasa, ya juya fuska bango ya ƙi cin abinci. Mama ta zauna kusa da shi tana yanke masa farce, ta ce ita ta jira shi tafiyar wata biyu ba sau ɗaya ba, wannan baranda ba za ta gajiyar da ita ba. Jiya, a rana ta tara, ya isa tagar, ya ja ƙafar nan a hankali ya karya hagu. Ka san abin da ya tarar? Bokitin mai shara da wata ƙofa a kulle. Ya tsaya yana kallo, sai ya fashe da dariya, ta farko tun da ya kwanta, har sai da muka tallafe shi.

Sauran gaskiyar ita ce, hannun dama bai dawo ba, kuma likita ba ta yi mana alkawari a kansa ba. Sitiyari dai ya rabu da shi. Ya sani, jiya da kansa ya ce a ba Kawu lasisinsa ya ajiye. Amma ya ce in gaya maka kada ka kuskura ka taho kafin ka gama, ya fi son ka shigo masa da takardar sakamako, shi kuma ya tarye ka a bakin ƙofa a tsaye.

Mama tana gaishe ka, da Kawu da Gwaggo da Auta. Ka gaida Anti, ka shafa mini kan 'yan biyu. Wannan karkataccen rubutu da za ka gani a ƙasa na Baba ne, da hagu ya yi shi. Na so in kama masa biro ya ture hannuna. Sunanka ne, in ba ka gane ba.

Taka har kullum,
Ƙanwarka