Abin da Rediyo Ya Yanke

Daren Laraba, Abu Na'ama

Yau rediyo ya sa hirar da aka yi da ni. Na gaya wa ɗan jaridar cewa 'yan mata suna daina zuwa makarantar da nake koyarwa ne saboda babu makewayi. Ya yanke dalilin, ya bar muryata ina cewa suna daina zuwa, sannan ya ce wai Hausawan ƙauye ne ba sa son karatun mata.

Da la'asar baban ɗalibata Sa'adiyya, wanda kullum yake kawo ta makaranta a kan jakinsa, ya zo ƙofar gidana.

"Ustaza, mu kika zaga a rediyo?"

Na rantse masa ba haka na faɗa ba.

Ya ce, "Muryarki na ji. Sa'adiyya ta gama zuwa."

Ko abinci na kasa ci. Jibi ne jarrabawarta.