Kwaɗin Hamdiyya

Bagauda, Litinin.

Zuwa ga maigidana Baban Hamdiyya,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, aikin Legas yana sauƙi. Inna tana gaishe ka. Rubutu na yi don maganar nan ba ta waya ba ce, kunnen Inna yana kusa.

Malamarsu Hamdiyya ta ce kowane yaro ya kawo ƙwan kwaɗo a kwalba, su ga yadda yake girma. Sauran yara a kwata suka ɗebo. 'Yarka kuwa sai da ta je bakin tafki, daidai inda yayanta Abba ya nutse bara. Na zuba mata ƙwan a tsohuwar roba.

Sun ƙyanƙyashe, baƙaƙe masu wutsiya kamar 'yan kifi. Tana zama gabansu tana bitar karatu, wai daga ƙwai sai wutsiya, sai ƙafar baya, sai ta gaba, sannan su fito tudu. Jiya ta tambaye ni ko Abba ma ƙafa yake jira ya fito. Ka tuna tana makaranta aka kai shi makabarta, aka ce mata kawai ruwa ya tafi da shi. Ashe ita a wurinta har yau yana ciki.

Taka,
Saude.

Bagauda, Alhamis.

Baban Hamdiyya,

Ina gaisuwa, ina fatan ka tashi lafiya. Sati shida ke nan da wasiƙata ta farko, mu dai ba zan ce da sauƙi ba.

Wutsiyoyin sun shanye, kwaɗin duk sun fice daga roba. Ka san kukan kwaɗi da damina, ba ya barin mutum ya ji kansa. To gidanmu tsit. Da rana tsaka sai in gan su jere a gindin katanga, manya da ƙanana, sun juya wa ƙofar ɗakinmu fuska, ko motsi babu. In na share su, kafin in ajiye tsintsiya sun dawo.

Shekaranjiya da hantsi Hamma mai shanu ya kawo mini Hamdiyya a kafaɗa. A cikin tafki ya same ta, ruwa har gwiwa, tana tafiya a hankali. Ta ce kowa ya yi ƙafa ban da Abba, shi ne za ta riƙo hannunsa. Na rantse mata yana ƙarƙashin ƙasa, an yi masa salla. Ta dube ni ta ce ai ni ma ban gani ba. Kuma gaskiyarta, mata ba ma zuwa.

Inna ta karɓo rubutu, muna tofa mata addu'a, ina ɗaure ƙafarta da tawa da ɗankwali in za mu kwanta. Wallahi tsoro nake ji. Kai ka sa shi a kabari da hannunka, kai kaɗai za ta yarda da kai. Ka bar aikin nan ka zo ka kai ta ta gani.

Yau da safe ƙullin yana nan yadda na yi shi, ƙofa a kulle. Amma rigarta jiƙe take har ƙirji, kuma da gansakuka a tafin hannunta na dama. Kada ka jira ƙarshen wata.

Matarka,
Saude.