Hagunka ko Haguna

Elko, Afrilu

Zuwa ga 'yata Maite,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti? Ya babanki da hawan jininsa? Mu nan lafiya lau, sai dusar ƙanƙara da ta ƙi sauka daga kan duwatsu.

Taswirarki ta iso, duk kin cika ta da jan biro. Kin faɗa ramin da kowane sabon maharbi yake faɗawa, kuma ba abin kunya ba ne. Mutane suna zaton yankin da ya fi kyau shi ne wanda aka fi ɗauko hoton manyan ƙahoni a cikinsa, shi ya sa kika zagaye tsaunukan gabas. Wannan zaɓin mai bindiga ne. Mai kwari da baka ba inda barewa take kawai yake nema ba, inda zai iya kusantarta yake nema, har ya ji tana tauna.

Barewar nan ba a banza ake ce mata mai kunnen alfadari ba. A kurmi mai duhu za ta ji ki tun kafin ki gan ta. Ki nemi fili mai buɗewa, inda za ki zauna a kan tudu da asuba ki hango ta daga nesa, ki bi ta da madubin hangen nesa har ta kwanta a inuwa. Ki duba ko akwai ruwa kusa, da duwatsu da kwazazzabai da za su ɓoye ki. Sauran kuma iska ce. Da sanyin safiya gangarowa take yi, rana na yin zafi sai ta juya ta hau. Wanda ya san wannan ta bayan barewa yake zagayawa, ya sauko mata daga sama.

Akwai abin da taswira ba ta nunawa. Da zarar kin sauka kwari, barewar ta ɓace miki. Sai da wani a tudun tsallake yana kallon ku duka biyu, yana nuna miki hanya da hula. Duk zamanmu da Kawunki Orrin ni ce mai hular, shi ne mai lallaɓe. Yanzu ni ido ya yi rauni, shi gwiwa ta tafi. Tun da aka yi masa aikin nan ya rataye bakansa a gareji, ya ce shi da dutse sai dai kallo ta taga. Na nuna masa taswirarki, na ce, "Tsoho, dubi inda 'yarka take so."

Ya ce, "Ta je mana, ƙafafunta sababbi ne. Nawa kuwa ƙarfe ne, sai dai a kai wa 'yan gwangwan."

Tsaunukan gabas sai an wuni ana hawa da ƙafa. Kwarin Tolliver kuwa akwai tsohuwar hanyar masu haƙar ma'adinai da mota ke bi har kan tudu. Bareyinsa ba su kai na gabas girma ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Ƙuri'arki ce ta izinin farauta, kin daɗe kina jiranta, ki zaɓi inda ranki yake so. Amma tsakanina da ke, in Kawunki bai hau dutse bana ba, ina tsoron ba zai ƙara hawa ba.

Ki gaishe da babanki.

Taki,
Gwaggo Verla

Elko, Yuli

'Yata Maite,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, barka da samun ƙuri'a! Da na ga Tolliver kika rubuta, sai da na shiga kicin na share ido. Kawunki kuwa cewa ya yi, "Yarinyar nan ta ɓata ƙuri'arta a kan barewar da ƙahonta bai fi cokali mai yatsu ba."

Kin ce in leƙa miki wurin tun da ba ki samu hutu ba. Na ce masa ni ba na iya tuƙi kafin gari ya waye, ya kai ni kawai. Ya kai ni yana gunaguni, ya ce ba zai fito daga mota ba. Ya zauna da kofinsa. Ni kuma na kafa madubin a bakin tudu, ina ta juya shi kamar ban taɓa riƙe shi ba.

Ya ce, "Malama, kin koyar da 'ya'yan mutane kimiyya har kika yi ritaya, ɗan madubi ya gagare ki? Kawo nan."

Ya ɗora ido, ya bi kwarin da kallo. Can ya ce a hankali, "Ga su can, ƙarƙashin jan dutsen. Maza ne, har huɗu. Na bayan nan ba laifi." Muryarsa ta dawo irin ta da. Muka jira har suka kwanta, iska ta juya. Sai ya cire hularsa ya ce, "Sauka mu gani ko wurin yana lallaɓuwa. Ba zan tura yarinya inda ban gwada ba."

Na zagaya, na cire takalma, na shiga da safa. In na ɗaga kai ina hango hular a tsallake, da yake ja ce. Dokarmu tun da can, hula a hannun hagu, a yi hagu. Ya ɗaga hagu, na yi hagu. Ya ƙara ɗagawa, na ƙara. Ina rarrafe, ƙaya na cin tafin hannuna, har na ji numfashi a bayan wani dutse. Na leƙa. Saniya ce, Maite! Saniyar masu kiwo, tana tuƙa, tana kallona kamar na zo gaisuwa.

Da na dawo yana ta huci. "Na ce hagu!"

"Hagun wa?"

"Hagu ai hagu ne!"

"Muna fuskantar juna, tsoho. Hagunka damana ne."

"To ni da nake ƙasa ban taɓa ɓata ba."

Na ce, "Don ni nake juya maka shi. In ina so ka yi hagu, nawa hannun na dama nake ɗagawa. Kai kana ta murna kana cewa hancinka ne yake kai ka."

Ya dubi hannayensa biyu. Sai ya fashe da dariya har hular ta faɗi. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin asibiti. A hanyar dawowa ya tsaya ya saya mana gasasshen naman rago a gidan abincin Baskawa, makiyayan tumakin nan, bai bar maganar barewar bayan nan ba har muka iso gida.

Wurin ya yi. Akwai maɓuɓɓuga a gindin kwarin, kuma ba mu ga sawun motar kowa ba.

Gwaggonki,
Verla

Elko, farkon Agusta

Maite 'yar albarka,

Ina gaisuwa, da fatan an ba ki hutun. Gidan nan ya zama makaranta. Kullum da yamma Kawunki yana zama a kan barandar, ni ina zagaya bayan gida da safa yana ba ni umarni. Maƙwabciyarmu ta tambaye ni ko lafiya. Ya soke maganar hagu da dama gaba ɗaya. Yanzu inda bakin hula ya nuna, nan za ki bi. In ya ɗora ta a ka, ki daskare a inda kike, ko da ƙuda na kan hancinki.

Jiya ya loda kujerarsa da sandarsa a mota, alhali saura mako guda a buɗe farauta. Na ce, "Ba kai ka ce sai kallo ta taga ba?"

Ya ce, "Ai motar ma tana da taga."

Kafin ki taho, ki gwada wannan. Ki fita da yamma da safa mai kauri, ki sa iska a fuskarki, ki lallaɓi kyanwar maƙwabta tana barci. In ta ɗaga kai, ki sake daga farko. Ranar da kika taɓa jelarta, ki ɗauko bakanki ki kama hanya. Ko kin harbi barewa ko ba ki harba ba, akwai mai jiranki a kan tudu.

Allah ya kawo ki lafiya.

Taki har kullum,
Gwaggo Verla