Lambar da Ta Ƙi Motsi

Litinin, 3 ga Maris

Malamar kemistiri ta tafi hutun haihuwa, Shugaba ya ɗora mini ajinta. Na ce ni fiziks nake koyarwa, ya ce, "Ai duk kimiyya ce, Malam." Darasin daidaiton sinadarai suka kai, jarabawa saura mako shida.

Talata, 4 ga Maris

Na bayyana musu yadda sinadarai ke haɗuwa, abin da suka haifar kuma yana warwarewa, har gudun tafiya da na dawowa su zo ɗaya. Na rubuta Kc, lambar daidaito: yawan abin da aka samu bisa yawan abin da ya rage. Har nan lafiya. Sai bakina ya zarce, na ce in an ƙara sinadari Kc ma ƙaruwa take.

Yarinyar da ke zama bakin taga, wadda suke kira Tsit saboda ba ta magana, ta ɗaga hannu. "Malam, Malama ta ce zafi kaɗai ke canja ta."

Wani ya yi dariya a baya. Na ce ta zo ta karɓi allin tunda ta fi ni. Ba ta taso ba. Na ce ta fita.

Laraba, 5 ga Maris

Ban iya cin abincin rana ba. Na gyara shirin darasi sau uku, na yaga.

Alhamis, 6 ga Maris

Na ɗauko littafinsu, shafin haɗin sinadaran haidurojin da aidin. Gwaji uku ne, kowanne da adadin da aka fara da shi daban. Na buga lissafin Kc na gwajin farko, kusan hamsin. Na biyu, hamsin. Na uku na buga shi sau huɗu ina neman ya saɓa. Hamsin.

Na kira Malama a waya, jaririnta na kuka a kusa. Ta ce, "Haba Malam, wurin tsayawar ne ke gusawa, lambar tana nan." Sannan ta tambayi labarin Tsit, wai wata biyu ta yi tana lallashinta kafin ta fara buɗe baki a aji. Na ce layin ba kyau.

Asabar, 8 ga Maris

Na wanke babur, na gyara famfon da bai lalace ba, na zagaya unguwa sau biyu. Maman yara ta ce, "Baban yara, ƙaiƙayi kujerar ke maka?" Na gaya mata komai. Na ce zan gyara a allo kawai, ba sai na ambaci kowa ba.

Ta ce, "A gaban mutum nawa ka kore ta?"

Arba'in da biyu. Shekara goma sha tara ina koyarwa, ban taɓa amsa kuskurena a gaban aji ba...

Litinin, 10 ga Maris

Tsit ta koma kujerar ƙarshe. Duk aji sun kwafe kuskurena da kyakkyawan rubutu. Na duba littafinta, ita ma ta soke nata ta rubuta nawa. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Na riƙe alli, na ce a buɗe shafi na gaba. Matsoraci.

Talata, 11 ga Maris

Na faɗa. Na ce ranar Talatar da ta wuce ni na yi kuskure, Tsit ce da gaskiya, kuma na zalunce ta. Muka buga gwaje-gwajen uku tare, suna ihun "Hamsin!" Ba ta ɗago kai ba har aka tashi.

Alhamis, 13 ga Maris

Yau ma ba ta yi magana ba. Amma na tarar da 'yar takarda da rubutun Tsit cikin rajista: "Malam, in an rage zafi, Kc hawa take ko sauka?"

Na karanta wa aji, na ce ina jin ya danganta da ko haɗin yana fitar da zafi ne ko yana shan sa, amma ban tabbata ba, zan duba in zo musu gobe. Ba wanda ya yi dariya.

Na ari littattafan kemistiri biyu a ɗakin karatu. Don jarabawarsu ne kawai.