Kalmomi a Kan Teburin Yanka

Litinin, 3 ga Maris

Wata bakwai ke nan 'yata Auta ba ta kira ni ba. Ni na ce kar ta sake kira na, ranar da ta bar karatun haɗa magunguna ta koma ɗaukar hoto. Cikin fushi na faɗa, ita kuwa ta riƙe maganar gam. Taurin kan nan dai ba a ƙasa ta tsince shi ba.

Da hantsi ina kan keken ɗinki sai waya ta yi ƙara. Saƙon gayyata ne daga Auta, zuwa wani wasan haɗa kalmomin Turanci na waya. Ba sallama, ba gaisuwa. Na karɓa tun kafin girman kaina ya farga. Alhamdu lillahi.

Laraba, 5 ga Maris

Ta ci ni kaca-kaca. Turancina na aji huɗu ne, bai wuce cat da dog ba. Mamansu har da riƙe ciki: "Tela, yau 'yar cikinka ce ta tsige ka haka?"

Ni ba cin ne ya dame ni ba. In ta gaji da cin banza ta daina wasan, shi ke nan, 'yar ƙofar da ta rage ta rufe.

Asabar, 8 ga Maris

Tsohon Ticha da ke bayan shagona ya kawo wando a rage masa tsawo. Na nuna masa wayar. Ya gyara tabarau, ya ce, "Ba wuya. Fara da abin da ke gabanka." Ashe kalmasar da nake yi shekara talatin sunanta hem. Layin da ya haɗa ƙyalle biyu seam. Ɗan ƙarfen da nake sa wa yatsa saboda allura thimble. Na rubuta su da alli a gefen teburin yanka, kowace da ma'anarta.

Allah ya saka wa bawan Allahn nan. Bai yi mini dariya ba ko sau ɗaya.

Talata, 11 ga Maris

Na sa seam. Ta aiko da 'yar fuska mai murmushi. Na kalle ta ya fi sau goma.

Talata, 18 ga Maris

Abin kunya, amma littafin nan ba ya da baki. Kwana biyar ke nan Ticha ke buga mini. Aiki ya yi yawa, kayan makaranta jibgi guda, sai na riƙa miƙa masa wayar ina ɗinki. Ya ce, "Tela, wannan fa ba koyo ba ne." Na ce ya dai buga. Mun ci ta sau uku. Na ji daɗi, ƙarya ba kyau.

Juma'a, 21 ga Maris

Ta yi rubutu a wurin hirar wasan, karo na farko. "Baba, wannan ba hannunka ba ne. Kai ka koya mini gane ɗinkin wani a jikin riga."

Na ajiye almakashi. Wata bakwai ina jiran kalma daga wurinta, ga ta ta zo, kuma kama ni ta yi.

Lahadi, 23 ga Maris

Shiru. Ba ta buga ba. Mamansu ta ce, "Wanda ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Je ka gyara abinka."

Na rubuta: Gaskiyarki. Ticha ne. Tsoro na ji kar ki gaji da ni. Na goge na ƙarshen, na sake rubutawa, na tura kafin in sake gogewa.

Litinin, 24 ga Maris

Ta buɗe sabon wasa. Ta ce sharaɗi ɗaya: kowa ya sa kalma sai ya faɗi ma'anarta da Hausa. Na yarda da gudu. Ticha ya ara mini tsohon ƙamusunsa, bangon duk ya saɓule. Na ɗinke masa shi da ragowar yadi mai kauri.

Alhamis, 27 ga Maris

Kalma biyar a rana. Teburin ya cika, har na fara rubutu a bayan ƙofa. Har yanzu ita ke ci, amma da guminta.

Asabar, 5 ga Afrilu

Yau ta sa shutter, ta rubuta: "Wannan ba ta faɗuwa a rubuce." Ƙamus na kan tebur. Ticha na zaune a kan benci, taku uku tsakaninmu. Ban tambayi ko ɗaya ba. Na fita bayan shago na danna lambarta.

Ban janye wata magana ba, ma'anar kalma kawai na kira in tambaya.

Ta ce, "Baba." Na tambaye ta ma'anar shutter. Sai ta fara bayani, wai wani ɗan murfi ne a cikin kyamara, yana buɗewa ya rufe kafin ƙiftawar ido, kuma duk aikin yana ga sanin lokacin da za a danna. Ta yi kusan rabin awa tana zuba. Ban gane rabi ba, amma na ji yarinyar ta san aikinta kamar yadda na san nawa.

Da za mu ajiye na ce shagon nan bai taɓa samun hoton kirki ba. In tana da sarari, ta zo ta ɗauka.

Ta ce Asabar mai zuwa. Sai na share shagon.