Naman Layya Ya Ci Aikin Damina Biyu

Hajiya Riskuwa, don Allah ki ba ni shawara, zuciyata ta gaji. Ni mutumin Argungu ne, ina digirin digirgir a Malesiya kan ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan fadamun shinkafarmu. Damina biyu ina shiga taɓo har gwiwa ina ɗibar ruwa. Kafin in taho na zuba samfurin a 'yan kwalabe, na ajiye a firizar yayana Maigandi a Gesse, don shi ke da sola, kafin takardar izinin turo su ta fito. Shi kaɗai na gaya ma.

Da Babbar Sallah matarsa Laure ta rasa wurin sa nama. Ta ga kwalabe cikin leda ba rubutu, ta zaci tsohon magani ne, ta kai su sito. Kwana huɗu cikin zafin Kabi. Komai ya lalace, takardar kuma ta fito mako guda bayan haka.

Na san ba mugunta ba ce. Matar nan ita ta riƙa yi mani tuwo tun ina sakandare, yayana kuma shi ne ubana tun rasuwar mahaifinmu. Amma wata biyu ke nan ban ɗaga wayarsu ba. In na ga sunansa sai in kife wayar. Malamina ya ce ko sabon samfuri, ko in haƙura da digirin. Shekarata arba'in da ɗaya. Mi zan yi?

Bakabe a nesa

Ɗan'uwa, sannu. Hasarar damina biyu ba ƙarama ba ce, kuma ba zan ce kada ka ji zafi ba. Maigandi ya yi sakaci da bai gargaɗi iyalinsa ba.

Amma kai ne masanin. Ka sa ƙwayoyin cuta kusa da abincin yara, ba rubutu, ba ka kuma gaya wa mai buɗe firizar kullum ba. Da Laure ta san abin da ke ciki, wataƙila ita ce za ta yi fushi.

Rubuta wa malaminka yau ka nemi ƙarin lokaci, ka kuma samo ɗakin gwaji da zai adana maka sabon samfurin yadda ya dace. Fadama tana nan, damina za ta dawo. Sai dai kafin ka sayi tikiti, kira yayanka, ka ce ya miƙa wa Laure wayar. Wata biyu tana ɗauke da laifin da rabinsa naka ne.

Allah ya sanyaya maka, ya dawo da kai gida da digirinka.